Gobara Bi da Bi

Yayana direban motar kwana-kwana ne, amma kada ku ɗauka irin waɗanda ke sheƙa gudu da jiniya mutane na darewa. Nawa yayan rabin shekarun aikinsa a zaune ya yi su, yana kallon mota, mota tana kallonsa. Ni ce autar gidanmu, tela ce ni, kuma shagona yana daidai ƙofar ofishinsu, tsallaka titi kawai. Don haka abin da zan faɗa ba a kasuwa na tsinto shi ba, ina taka keke ina gani.

Ƙasarmu 'yar mitsitsiya ce. Idan direba ya tashi daga wannan iyaka bayan ya karya, kafin ya sake jin yunwa ya isa waccan. Amma wajen rigima, wallahi manyan ƙasashe sai dai su zo ɗaukar darasi. Rabinmu mutanen Juma'a ne, rabi mutanen Lahadi, kuma kowane rabi ya rantse shi ya fi yawa, shi ya sa har yau ba a yarda an ƙirga mu ba. Mu 'yan Juma'a muna da manyan aminai a ƙetare, masu zuwa a jirgin sama, muna ce musu Aminan Sama. 'Yan Lahadi ma suna da nasu, masu zuwa a jirgin ruwa, Aminan Ruwa. Duka biyun son mu suke kamar su haɗiye mu. Bayin Allah, ko barci ba sa iyawa idan ba su ji lafiyarmu ba. Gwamnatin da ta yi wa na Sama murmushi, na Ruwa su yi mata ƙafar ungulu. Idan ta juya ta yi wa na Ruwa, na Sama su kife ta. Na taɓa karɓar ɗinkin matar wani minista, kafin in sa maɓalli ta zama matar tsohon minista. Rigar tana nan ta daɗe a rataye, ba ta dawo ba.

Tun yana ƙarami Yaya ba mai magana ba ne. Idan ya fara jimla, sai ka je ka ɗora tukunya ka dawo kafin ya ƙarasa. Wata rana kicin ɗin Innarmu ya kama da wuta, manya na ta salati suna karo da juna, shi kuwa ya yi ta jidar ruwa da bokiti har ta mutu. Girarsa ta hagu ta tafi a ranar, ba ta sake fitowa ba. Babanmu ya so Yaya ya zama akawu, mai biro a aljihu, amma shi ya kafe sai kwana-kwana. Ya taki sa'a, kujerar direba ta faɗo a kason 'yan Juma'a. Ai a ƙasarmu ko aikin shara sai an raba: mai tsintsiya namu, mai kwandon kwasa nasu. Tunda direba namu ne, dole mai riƙe mesar ruwa ya zama nasu.

Haka Allah ya haɗa shi da Mai Mesa.

Mai Mesa dogo ne, baki abin magana, irin mutanen da idan suna dariya sai sun daki cinyar na kusa da su. Shi ke yin surutun mutum biyu, Yaya yana gyaɗa kai. Kwano ɗaya suke ci, kuma kowa ya san wanda ke cinye naman. Ni kam ba ya barina in sha ruwa. Kullum sai ya leƙo shago ya ce, “Ƙanwata, wandon nan da kika ɗinka min, ƙafa ɗaya ta 'yan Juma'a ce, ɗaya ta 'yan Lahadi, sun ƙi daidaitawa.” In ce masa, “Yaya Mai Mesa, ƙafafunka ne Allah bai yi su daidai ba, ni me zan yi?” Matar Yaya ta rasu tun da ƙuruciya, ba su haihu ba, bai kuma sake aure ba duk da irin nacin da muka yi. Ba shi da majalisar hira, ba shi da ƙungiya, ba ya sauraron rediyon kowa. Mai Mesa ne kawai. Abu ɗaya yayana ke tsoro a duniya, kada a raba su, kuma duk faɗuwar gwamnati sai an yi raɗe-raɗin za a tsaga ofishin gida biyu. Ranar da irin wannan magana ta tashi, ko abinci ba ya iya ci.

Ofishin nasu ma abin kallo ne. Titi ɗaya ne ya raba garin, hannun dama namu, hagu nasu. Da aka rasa gefen da za a gina shi ba a yi tashin hankali ba, sai aka dasa shi a tsakiyar titin, motoci na bi ta nan suna bi ta can. Motar kyautar Aminan Sama ce. Da Aminan Ruwa suka ji, kafin wata ya ƙare suka aiko da mesa, doguwa mai kyau, sai dai bakinta bai shiga bakin tankin ba. Jakadun biyu kowa ya zo ya manna tutarsa, aka yi tafi, aka ɗauki hoto, aka watse. Yaya da Mai Mesa ne suka yanka tsohuwar tiyub ɗin taya suka naɗe wurin haɗin, kuma da wannan ɗaurin suka kashe gobarar garin nan shekara da shekaru, ba sa tambayar mai gida ranar da yake ibada.

Sai ranar da wuta ta tashi wuri biyu lokaci ɗaya: gidan kaji a gefenmu, shagon katifa a gefensu. Suka tafi wanda ya fi kusa, wato gidan kajin. Tabɗi! Kafin la'asar rediyon 'yan Lahadi ya ce an fifita kajin Juma'a a kan katifun Lahadi. Namu ya mayar da martani cewa kaji rai gare su, katifa fa? 'Yan majalisa suka ba hamata iska, aka fasa wa wani tabarau, gwamnati ta faɗi. Ina faɗa muku gaskiya, a kan kaji ta faɗi.

Nan fa Masu Sulhu suka sauka, cikin fararen motoci. Su waɗannan ba na Sama ba ne, ba na Ruwa ba, daga ko'ina aka tsinto su, kuma sana'arsu ke nan, bin ƙasashe irin tamu suna gyara mu. Suka tare a babban otal suna taro, suna ci, suna taro. Har masu wanke kwanukan otal ɗin sai da suka yi ƙiba. Da suka fito, suka fito da maganin da kakanninmu duk wayonsu ba su taɓa tunaninsa ba: daga yau gobara bi da bi za a riƙa kashe ta. Idan an kashe ta gefenmu, ta gaba sai ta gefensu. Idan wuta ta yi rashin kunya ta tashi ba layinta ba ne, to ta jira.

Aka kafa wata kibiyar katako cikin akwatin gilashi a bangon ofishin, tana nuna gefen da ke da layi. Aka gitta ƙarfe a ƙofa, aka ajiye sojojin Masu Sulhu da bindiga. Mabuɗin akwatin da na ƙarfen aka damƙa wa wani ɗan sa-ido da ranarmu ta gasa wa ƙeya, muka sa masa Jan Wuya. Kada in ɗauki alhakinsa, mutum ne mai ladabi. Yana gaida kowa, yana shafa kan yara, yana da kirki irin na wanda ba gidansa ke ci ba. Sharaɗi na ƙarshe kuma shi ne ya ɗaure Yaya: ranar da motar ta fita ba layi ba, yarjejeniya ta rushe, a raba ofishin, kowane gefe ya karɓi sabuwar mota daga aminansa. Motocin ma, aka ce, tuni an yi musu fenti suna jira.

To, mutanenmu dai ba a raba su da dabara. Ba a yi nisa ba aka gano cewa yarjejeniyar ta ce “gobara”, ba ta faɗi girmanta ba. Idan kibiya na gefenmu wuta ta tashi a gefensu, sai wani ya cinna wa juji wuta a bayan shagona. Yaya ya ja mota taku kaɗan, Mai Mesa ya ɗan fesa, Jan Wuya ya duba da kyau ya juya kibiya, su wuce wajen gobarar gaske. Gari duka ya koya. Kowane gida ya tanadi tsohuwar taya. Ni buhun ƙyallaye na ajiye musamman a ƙarƙashin tebur. Sai ka ji waya daga tsallake, muryar da ba ka taɓa ji ba: “Don girman Allah, baiwar Allah, ku ɗan kunna mana wuta, ɗakin yarana ne.” Mu kunna. Mu ma idan ta same mu, su kunna mana. Tun da nake, ban taɓa ganin zaman lafiya irin na lokacin ba, kowa na ƙona wa ɗan'uwansa shara tsakani da Allah.

Ina! Ai ba za a bar mu ba. Ɗan majalisarmu ya miƙe ya ce ana ɓarnatar da layin 'yan Juma'a a kan juji, su kuwa ana kashe musu gidaje na gaske. Ɗan majalisarsu ya miƙe ya faɗi irin wannan magana, kalma da kalma, ya juya sunaye kawai. Jakadu suka nuna damuwa. Masu Sulhu suka dawo otal. Wannan karon suka gyara: ba a kiran wuta gobara sai ta kama gini mai rufi da ƙofa, kuma ɗan sa-ido ya ga harshenta da idonsa. Na ji an ba su lambar yabo a ƙasar waje saboda wannan gyaran. Allah ya sanya albarka.

Daga nan Yaya ya fara ramewa. Kasuwar 'yan katako ta ci ƙurmus suna zaune suna kallon hayaƙi, kibiya na kallon wancan gefen. Wata makaranta ta bi bayanta. Mai Mesa ya rage dariya. Na sha ce wa Yaya, “Ka take ƙarfen nan mana ka wuce, a yi ta ta ƙare!” Sai ya dube ni ya ce, “Auta, idan na taka...” Bai ƙarasa ba, ba sai ya ƙarasa ba. Ko sojojin ba su harbi tayar ba, washegari shi da Mai Mesa sai dai hange daga nesa.

Ranar da abin ya faru, da rana tsaka ne. Gwamnati ta faɗi tun makonni, an kasa kafa wata, saboda jakadun biyu ba su gama shawarar wanda muke so ba. Ina guga sai na ga mutane na gudu zuwa bakin titi suna nuna sama. Hayaƙi ne baƙi ƙirin a gefen 'yan Lahadi. Na kalli kibiya, tana nuna gefenmu. Na ce, wayyo, wasu kuma sun shiga uku.

Ashe namu ne. Matar Mai Mesa, wadda muke kira Maman 'Yan Biyu, ta iso ba ɗankwali, ba takalmi. Shagon mai fenti da ke jikin gidansu ne ya kama, wutar ta toshe matakala, tsohuwar Mai Mesa kuma tana ɗakin sama, ga ta ba ta iya tafiya. Maƙwabta sun gwada, hayaƙi ya koro su. Tsanin da zai kai tagar yana kan motar kwana-kwana.

Mai Mesa ya durƙusa a gaban Jan Wuya. Wannan dogon mutum, gwiwa biyu a ƙasa. Jan Wuya ya rikice, ya ce yana matuƙar baƙin ciki, kuma na yarda yana baƙin cikin. Ya juya baya yana buga wa manyansa waya. Manyan suna taro. Ya buga wa minista, aka tuna masa babu minista. Mai Mesa ya zabura zai tafi da ƙafa, Yaya ya riƙe masa hannu ya ce, “Ba tsani, mutumina. Tsaya.”

Sai na ga Yaya ya tsallako titi yana nufo shagona, da irin tafiyarsa ta kullum, ba sauri. Ya tsaya a ƙofa ya kalli rufin, ya kalli ƙyauren. Ni ma na kalla. Rufi da ƙofa.

Ya ce, “Auta, fitar da keken.”

Na ce, “Yaya, kayan mutane fa?”

“Kwashe na kwashewa.”

Ban yi gardama ba, kuma ko yau aka sake sai in fitar. Na rungumi kan keken na kai waje, na dawo na yayimo yadin mutane na watsa a titi. Yaya ya jawo buhun ƙyallayen nan, ya tuttula masa kananzir ɗin risho. A nan Mai Mesa ya gane, ya biyo shi da gudu ya tsaya a bakin ƙofa, ya cika ta da tsawonsa, yana cewa, “Kada ka yi, mutumina! Abincin ƙanwarmu ne! Kada ka yi!” Yaya ko kallonsa bai yi ba, ya ƙyasta ashana. Masu kallon hayaƙin tsallake da suka waiwayo, abin da suka gani ke nan: dogon ɗan Lahadi a ƙofar shagona, wuta na tashi a bayansa.

Jan Wuya ya zo ya duba. Wallahi sai da ya duba. Ya kalli rufi, ya taɓa ƙofa, ya ja da baya da wuta ta lashi silin, sannan ya ruga ya ɗage ƙarfe. Mai Mesa ya riƙe mesa yana fesa wa shagona ruwa yana kuka, Yaya na ce masa ya yi a hankali kada tanki ya ƙare. Da wutar ta mutu aka juya kibiya. Ban taɓa ganin yayana ya tuƙa mota haka ba, har sai da ta ɗaga ƙafa a kwana.

Sun sauko da tsohuwa ta taga, a bayan ɗanta, tana tari tana zagin mai fenti da iyayensa. Gidan ma ya tsira, bango ɗaya ne ya yi baƙi. Ni kuma na zauna a titi kusa da kekena ina kallon abin da ya saura na shago. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, shekaruna ne a ciki. Amma raina fari ƙal.

Kafin rana ta faɗi, rediyonmu ya sanar cewa wani ɗan Lahadi ya ƙona shagon wata gwauruwa 'yar Juma'a, marar galihu, don ya sace mana layi. Gwauruwa! Ni da mijina yana nan da ransa yana cin kwano biyu a zama ɗaya. Washegari jakadan Aminan Sama ya zo da masu ɗaukar hoto, ya tsaya a cikin tokar shagona da takalminsa mai ƙyalli, ya miƙa min sabon keke mai aiki da lantarki. Unguwarmu kuwa rabonta da wutar lantarki tun gwamnati uku da suka wuce. Na ce masa, “Ranka ya daɗe, yayana ne ya kunna, ni na fitar masa da kaya.” Tafinta ya faɗa masa abin da ya ga dama, jakada ya dafe ƙirji, ya ce jarumtata ta taɓa zuciyar ƙasarsu.

A ranar aka kama Mai Mesa.

Yaya ya tafi ofishin 'yan sanda da ƙafarsa ya ce shi ne. Suka ba shi kujera, suka kawo masa ruwan sanyi. Babbansu ya ce, “Baba, Allah ya saka maka, ka cika ɗan amana. Amma je gida ka huta.” Ya koma washegari. Ya sake komawa. Har suka saba, idan sun hango shi sai su jawo kujerar. Ni ma na je, aka ce firgici ne ya taɓa ni. Jan Wuya, da aka tambaye shi, ya ce shi a lokacin yana waya, kuma aikinsa ganin wuta ne, ba ganin mai kunna ta ba.

Sai ga ɗan majalisarmu har gidanmu, inda Yaya ke da ɗaki tun rasuwar matarsa, ya sa aka rufe ƙofa. Ya zauna a kujerar mijina ya ce wa Yaya, “Baba, kai dattijo ne. Aminanmu sun riga sun yi magana, duniya ta ji. Yanzu ka fito ka ce ɗan Juma'a ne ya ƙona shagon ƙanwarsa saboda waɗancan? Samarin unguwar nan ka san halinsu. Idan ka ci gaba, ni dai ba ruwana da abin da zai biyo baya.” Na ce masa, “Ranka ya daɗe, samarin da kake ba kuɗin mai?” Ya yi kamar bai ji ba. Bayan kwana kaɗan muka tashi muka ga an shafa jan fenti a ƙofar ɗakin Yaya. Na kira Maman 'Yan Biyu a waya na faɗa mata, don ba ni da wanda zan faɗa wa. Ita kuma da ta kai wa mijinta abinci ta faɗa masa.

Ranar shari'a alƙalai uku suka zauna: namu, nasu, da na Masu Sulhu a tsakiya yana fifita da takarda. Kotu ta cika, samarin unguwarmu sun tsaya a baya sun harɗe hannu. Yaya bai jira an kira shi ba, ya miƙe ya ce, “Ni ne. Ni na zuba kananzir, ni na ƙyasta.” A rayuwarsa ban taɓa jin ya kai jimla ƙarshe da sauri haka ba. Samarin da ke baya suka fara guna-guni, na ji wani ya ce, “Munafuki.”

Mai Mesa ya waiwaya ya kalli samarin, ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya fuskanci alƙalai, ya yi irin dariyarsa ta da.

Ya ce, “Ƙarya yake yi, ranku ya daɗe. Wannan? Shekara nawa ina tare da shi, ko risho bai iya kunnawa ba. Tausayina yake ji. Uwata ce a cikin wuta, ni na ƙona shagon, kuma shi ya zo hana ni.”

Yaya ya yi ihu, “Mutumina!” 'Yan sanda suka zaunar da shi, a hankali, da girmamawa.

Ku zo ku ga murna. Rediyonmu ya ce shaiɗan ya amsa laifinsa. Rediyonsu ya ce gwarzo ne, ɗan halak da ya ceci mahaifiyarsa. Amma duka biyun sun yarda shi ya kunna, kuma tun da aka haife ni wannan ne karon farko da ƙasar nan ta haɗu a kan magana ɗaya. Masu Sulhu suka ce wannan babban ci gaba ne. Jakadun biyu suka yi musabaha a gaban kyamara, a makon aka kafa sabuwar gwamnati. Aikinta na farko, ta ce amana ta lalace, ta raba ofishin kwana-kwana gida biyu. Sababbin motocin suka iso, ja da fara, da yara matasa a kai. Yaya aka yi masa ritaya, har da takardar yabo saboda riƙon amana. Samarin da suka shafa masa fenti su suka zo suka wanke ƙofar, suna ce masa Baba ya yi haƙuri.

Mai Mesa shekaru masu yawa aka yanka masa. An daɗe ba a bar ɗan Juma'a ya ziyarce shi ba, wai don tsaron lafiyarmu. Da aka bari, ni na raka Yaya, don tsufa ya fara kama shi. Aka shigar da mu wani ɗaki mai ragar waya a tsakiya, mutane na ta ihu ta cikinta. Aka fito da shi. Ya rame, kansa ya yi fari, rigar gidan yarin ta tsaya masa a cibiya.

Ya dube ni ya ce, “Ƙanwata, telan gidan nan ya fi ki mugunta.”

Na yi dariya don kada in yi wani abin. Yaya kuwa ya kama ragar da hannu biyu. Mai Mesa ya jira shi, kamar yadda ya saba.

Da ƙyar Yaya ya ce, “Ka cuce ni, mutumina.”

“Na sani.”

“Laifina ne. Nawa ne. Ka ƙwace.”

“Na ƙwace. Tsohuwa fa?”

Na ce, “Tana nan, jiya ma Maman 'Yan Biyu ta ce ta zagi likita.”

“Gidan fa?”

Yaya ya ce, “Yana tsaye.”

“Kai fa, wa ya taɓa ka?”

“Ba kowa.”

Mai Mesa ya zura yatsunsa biyu ta cikin ragar ya kama na Yaya. Ya ce, “To kukan me kake yi? Share fuskarka, mutumina, mutane na kallo.”

Yaya bai share ba. Har mai gadi ya buga ƙarfe bai saki yatsun ba, sai da na ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya.